Yadda guguwar teku ke haɗuwa, ta girma, ta mutu: jagora daki-daki

Kowace shekara, guguwar teku 80 zuwa 90 ne a faɗin duniya ke kai ƙarfin da za a raɗa musu suna. Amma tarin hadarin da ke tasowa a saman tekunan wurare masu zafi ya ninka haka nesa ba kusa ba, kuma akasarinsa zubar da ruwa yake yi ya watse ba wanda ya ji labarinsa. Abin da wannan jagora zai bi shi ne mene ne ya raba hadarin da ya watse da wanda ya zama bala'i, yadda duk wanda ya karanta sanarwar masana yanayi zai gane inda aka kwana da inda aka dosa.

Sunan yakan rikita mutane. A Tekun Atalantika da gabashin Fasifik ana ce mata harikan, a arewa maso yammacin Fasifik taifun, a Tekun Indiya da kudancin Fasifik kuma saiklon. Duk abu ɗaya ne. Ba ita ce 'yar guguwar da ke murɗa ƙura a fili ta wuce cikin minti biyu ba. Wannan faɗinta yakan kai ɗaruruwan kilomita, ta yi mako ɗaya ko biyu tana raye. Freddy ta 2023, wadda ta ratsa Tekun Indiya ta afka wa Madagaska da Mozambik da Malawi, kwana 36 ta yi.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtarta ita ce a ɗauke ta a matsayin inji. Tana buƙatar mai, tana buƙatar bututun fitar da hayaƙi wanda yake tsaye kyam, tana buƙatar abin da zai juya ta. Aka rasa ɗaya, injin ba zai tashi ba. In ma ya tashi, zai mutu.

Man da take sha

In zufa ta bushe a jikinka, sanyi kake ji, domin ruwan da ya zama tururi ya tafi da zafin fatarka. Zafin nan bai ɓace ba, ɓoye yake cikin tururin. Ka ɗaga murfin tukunya mai tafasa, ka ga ɗigo-ɗigon ruwa a jikinsa, ka ji yadda murfin ya ɗau zafi: tururi ne ya koma ruwa ya sauke kayan da ya ɗauko. Kilo ɗaya na tururi in ya koma ruwa yana sakin zafin da ya kusa jul miliyan biyu da rabi (jul ma'aunin makamashi ne), wanda ya isa ya tafasa fiye da lita 7 na ruwan da ke kan digiri 25. To ka auna abin da zai faru in miliyoyin tan na tururi suna tashi daga teku suna komawa ruwa a cikin gajimare ba dare ba rana. Iskar da ta samu wannan zafi takan yi sauƙi ta ƙara hawa sama, nauyin iskar da ke danne saman teku a wurin ya ragu, iskar kewaye ta kwararo ta cike gurbin, ita ma ɗauke da sabon tururi. Duk sauran bayanin da zai biyo baya a kan wannan zagayen ya rataya.

Mataki na farko: a duba teku

Ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita, tun binciken da masanin yanayi William Gray ya wallafa a 1968, ita ce zafin saman teku ya kai wajen digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da haka, tururin da ke tashi bai cika isa ya ciyar da injin ba.

Sai dai mutane da yawa nan suke tsayawa, alhali zurfin ruwan ɗumin ya fi muhimmanci in ana maganar guguwa mai ƙarfi. Ana son ɗumin ya sauka aƙalla mita 50. Dalili kuwa, guguwar da kanta tana dama teku kamar yadda ake dama ruwa a bokiti, ta janyo ruwan sanyi na ƙasa zuwa sama. In ɗumin bai wuce fata-fata ba, cikin 'yan awoyi za ta sanyaya ruwan da take sha daga gare shi, ta kashe kanta da yunwa, musamman in tafiyar hawainiya take yi. Tauraron ɗan'adam yakan nuna sawun ruwan sanyi a bayan babbar guguwa, digiri biyu ko uku ƙasa da na gefensa. Inda kuwa ɗumin ya yi zurfi sosai, kamar rafin ruwan ɗumi da ke shigowa Mashigin Tekun Meziko daga Karibiyan, duk damawar da aka yi ɗumi ne zai sake tasowa. A kan wannan rafi Katrina da Rita suka yi ƙarfinsu a 2005.

Wannan ne kuma ya tsara lokutan guguwa. Teku ya fi ƙasa jinkirin ɗaukar zafi, don haka ba a lokacin da rana ta fi zafi abin ke tsananta ba, sai bayansa. A Atalantika lokacin yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ƙololuwarsa wajen 10 ga Satumba. A kudancin ikwaita daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Arewacin Tekun Indiya sau biyu yake yin nasa, wajen Mayu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba. Arewa maso yammacin Fasifik kuwa babu watan da guguwa ba ta iya tashi, kuma nan ne aka fi samunta a duniya.

Mataki na biyu: a nemo irin

Ruwan ɗumi kaɗai ba ya haifar da guguwa. Dole a samu wani tarin hadari da ya riga ya haɗu, mai ɗan raunin matsin iska, wato nauyin iskar da ke danne saman teku, a tsakiyarsa. A Atalantika yawancin irin daga Afirka yake fitowa: wasu lanƙwashe-lanƙwashe ne a cikin iskar da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, waɗanda ke bin juna duk kwana uku zuwa biyar, su ratsa nahiyar su faɗa teku ta wajen tsibiran Kef Bade. Wajen 60 ake samu a shekara, kuma mafi yawan manyan harikan na Atalantika daga cikinsu suke fitowa. A Fasifik da Tekun Indiya kuma, galibi daga kwarin damina ne, wato layin da iskar arewa da ta kudu ke karo su tashi sama.

A wannan mataki abin dubawa a hoton tauraron ɗan'adam ba girman gajimaren ba ne, dorewarsa ce. Hadarin da ya kumbura da daddare ya sace da rana bai kama ƙasa ba tukuna. Wanda ya yi awa 24 ko fiye yana sake tsirowa a wuri ɗaya, shi ne abin sa wa ido.

Mataki na uku: juyi

Da duniya ba ta juyawa, da iskar da ke kwarara zuwa tsakiyar hadarin ta tafi kai tsaye ta cike gurbin, magana ta ƙare. Amma juyawar duniya tana karkatar da duk abin da ke doguwar tafiya a samanta: zuwa dama a arewacin ikwaita, zuwa hagu a kudanci. Ana kiran wannan tasirin Koriyolis. Saboda shi iskar takan kuskure tsakiyar ta koma kewaya ta, akasin tafiyar hannun agogo a arewa, daidai da tafiyarsa a kudu.

A kan layin ikwaita wannan karkatarwa sifili ce, tana ƙaruwa ne yayin da ake nisa da shi. Shi ya sa ake buƙatar tazarar aƙalla digiri 5, wato wajen kilomita 550. Akan samu wadda ta karya ƙa'idar, kamar Vamei da ta haɗu kusa da Singafo a Disambar 2001, ƙasa da digiri 2 daga ikwaita, amma irin wannan ba kasafai ba ne.

Koriyolis shi kaɗai juyi mai rauni yake bayarwa. Abin da ke mayar da shi mahaukaciyar iska shi ne matsowa ciki. Ka ɗaura dutse a igiya ka riƙa wulwula shi, sannan ka bar igiyar tana naɗewa a yatsanka: tana gajarta, dutsen yana ƙara gudu. Haka iskar da ta taso daga nisan kilomita 500 tana tafe a hankali take zama abin tsoro in ta iso kilomita 30 daga tsakiya.

Mataki na huɗu: bututun ya tsaya daidai

Nan ne akasarin hadari ke faɗuwa jarrabawa. Zafin da gajimare ke saki dole ya taru wuri ɗaya, a tsaye, daga saman teku har zuwa tsawon kilomita 15 ko fiye. In iskar da ke sama tana kaɗawa da gudu ko alkibla dabam da ta ƙasa, sai ta kwantar da ginshiƙin, ta kwashe zafin ta kai shi gefe. Masana suna auna bambancin iskar da ke wajen kilomita ɗaya da rabi da wadda ke wajen kilomita 12. In bambancin bai kai mita 10 a daƙiƙa ba, wato kilomita 36 a awa, hanya a buɗe take. In ya haura haka, ginuwa ta yi wuya. Alamarsa a hoto a bayyane take: za ka ga murɗaɗɗen ƙaramin gajimare tsirara a gefe guda, manyan gajimaren hadarin kuma an ture su can wani gefen.

Wannan saɓanin iska shi ne babban dalilin da ya sa kudancin Atalantika kusan ba ya ganin harikan. Catarina da ta sauka kudancin Barazil a Maris ɗin 2004 ta zo wa kowa a bazata. Shi ne kuma ya sa shekarun El Nino, wato lokacin da ruwan gabashin Fasifik ke yin ɗumi fiye da yadda aka saba, kan zo da ƙarancin guguwa a Atalantika, domin El Nino yana ƙarfafa iskar sama da ke bugowa daga yamma.

Abokin saɓanin iska wajen ɓarna shi ne busasshiyar iska a tsakiyar sararin sama, wajen kilomita 3 zuwa 6. In ta kutsa cikin hadari, ɗigon ruwa ya bushe a cikinta, ta yi sanyi ta yi nauyi ta rufto ƙasa, ta shimfiɗa sanyi a daidai inda ake buƙatar ɗumi. Iskar Sahara mai ƙura da ke fita kan Atalantika a watannin Yuni da Yuli ta kashe hadari da yawa ta wannan hanya.

Mataki na biyar: zagaye ya rufe

In duk waɗannan sun dace, sai injin ya fara ciyar da kansa. Iska ta ƙaru, ta ƙara kwasar tururi daga teku, gajimare ya ƙara zafi, matsin iska ya ƙara faɗuwa, iska ta sake ƙaruwa. Da zarar an tabbatar iska na kewaya tsakiya guda ta kowane ɓangare, an samu guguwa mai rauni, akan ba ta lamba. In gudun iskarta ya kai kilomita 63 a awa, sai a ba ta suna daga jerin da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ke kula da shi. In ya kai 119, ta zama cikakkiyar harikan. Daga nan ma'aunin Saffir da Simpson ya kasa ta gida biyar: rukuni na 1 daga 119 zuwa 153, na 2 daga 154 zuwa 177, na 3 daga 178 zuwa 208, na 4 daga 209 zuwa 251, na 5 kuma daga 252 zuwa sama.

A kula da abu biyu. Ƙarfin da iska ke tura bango da shi ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: in gudun ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Sannan cibiyoyi ba su auna gudun iri ɗaya. Cibiyar sa ido kan harikan ta Amurka da ke Miyami matsakaicin minti ɗaya take ɗauka, ta Niyu Delhi minti uku, ta Tokiyo da wasu kuma minti goma. Adadin minti ɗaya yakan fi na minti goma da sama da kashi 10 cikin ɗari, don haka guguwa ɗaya na iya fitowa da lambobi biyu ba tare da wani ya yi kuskure ba.

Ɗaya ma'aunin shi ne matsin iska a tsakiya. A ranar da lafiya lau, matsin iska a bakin teku wajen miliba 1013 ne. Guguwa mai ƙarfi takan sauko da shi ƙasa da 950. Mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa shi ne 870, a taifun Tip ta Oktoban 1979. A Atalantika kuwa Wilma ce ta 2005 da 882. A Atalantika jiragen sama na musamman suna ratsa guguwar su jefa na'urori masu lema su auno. A yawancin sauran tekuna da hoton tauraron ɗan'adam ake ƙiyasi, ta dabarar da Vernon Dvorak ya tsara a shekarun 1970, inda ake ba siffar gajimaren maki daga 1 zuwa 8. Maki 2.5 ya yi daidai da guguwar da ta isa suna, maki 4 kuma harikan.

Ido da bangonsa

Iskar da ke matsowa ciki tana kai wani matsayi da gudun juyinta ba zai bar ta ta ƙara matsowa ba, sai ta miƙe sama. Zoben da take hawa ta cikinsa shi ne bangon ido, nan ne iska da ruwa suka fi tsanani, kuma saman gajimarensa yakan yi sanyin da ya wuce digiri 70 ƙasa da sifili. A can sama iskar ta bazu waje, shi ne farin faifan da ake gani a hoto. Kaɗan daga cikinta kuma takan nutso ta tsakiya, tana saukowa tana ɗumama tana shanye gajimare. Wannan fili shi ne ido, galibi faɗinsa kilomita 30 zuwa 65, ko da yake na Wilma ya taɓa matsewa ƙasa da kilomita 4.

Idon nan ya yaudari mutane da yawa. Iska ta tsaya cak, wani lokaci har rana ta leƙo ko taurari su bayyana, mutum ya fito duba rufin gidansa. Guguwa mai ido kilomita 40 da ke tafiyar kilomita 20 a awa, awa biyu kacal za ta ba wanda ke daidai tsakiya, na gefe kuma mintoci. Bayan nan ɗaya ɓangaren bangon zai iso da cikakken ƙarfinsa, daga kishiyar alkibla, ya tarar da abin da ɓangaren farko ya riga ya girgiza.

Akwai canje-canje biyu da ya kamata mai bibiya ya sani. Na farko ƙaruwar gaggawa, wato iska ta ƙaru da aƙalla kilomita 55 a awa cikin awa 24. Tana faruwa in ruwan ɗumi mai zurfi, da rashin saɓanin iska, da wadatar laima suka haɗu, kuma ita ce ta fi wahalar hasashe. Otis ta Oktoban 2023 cikin kusan kwana ɗaya ta tashi daga guguwa mai suna kawai zuwa rukuni na 5, ta sauka a birnin Akapulko na Meziko kafin mutane su kimtsa. Na biyu sauyin bango: a guguwa mai ƙarfi sosai, wani sabon zobe yakan haɗu a wajen na farko, ya tare masa tururi har ya mutu, shi ya gaje shi. A wannan kwana ɗaya ko biyu gudun iska yakan ragu, a ji an ce ta sauko daga rukuni na 5 zuwa na 4. Kada wannan ya kwantar wa kowa da hankali, domin faɗin yankin da iskar ke duka ƙaruwa yake yi, kuma tana iya sake ɗaukar ƙarfi.

Inda take dosa

Guguwa ba ta tuƙa kanta, manyan iskokin da ke kewaye da ita ne ke ɗauke da ita kamar ganye a kan rafi. A wurare masu zafi suna tura ta yamma da gudun kilomita 15 zuwa 25 a awa, tana ɗan karkata nesa da ikwaita. In ta kai ƙarshen babban yankin da matsin iska ya yi yawa da ke zaune a kan teku, sai ta lanƙwasa, iskar yamma ta kama ta ta yi gabas da ita da sauri. Lokacin wannan lanƙwasa shi ne ke raba wadda za ta ƙare a teku da wadda za ta sauka kan mutane. In kuma iskokin jagora suka yi rauni, sai ta tsaya wuri ɗaya, kamar yadda Dorian ta yi kusan kwana guda a kan tsibirin Giran Bahama a 2019.

A taswirar hasashe ta cibiyar Miyami akwai wata siffa mai kama da mazurari. Ba girman guguwar take nunawa ba, inda tsakiyarta kaɗai ke iya bi take nunawa, kuma an zana ta ne yadda sau biyu cikin uku tsakiyar za ta kasance a ciki. Wanda ke wajen layin bai tsira ba. A duba kuma ɓangaren da mutum yake: a arewacin ikwaita, gefen dama na hanyar guguwa ya fi muni, domin a nan gudun tafiyarta ke haɗuwa da gudun juyinta, nan ne kuma iska ke turo teku kan tudu. A kudanci gefen hagu ne.

Saukarta tudu da mutuwarta

Da ta hau tudu an yanke mata mai, duwatsu da itatuwa kuma suna karya mata gudu, don haka iskarta takan ragu sosai cikin yini guda. Haka in ta shiga ruwan sanyi ko saɓanin iska ya same ta. Wasu kuma sukan rikiɗe su zama irin hadarin ƙasashen sanyi, su ƙara faɗi, kamar Sandy a 2012.

Amma lambar rukuni iska kawai take aunawa, kuma ruwa ya fi iska kisa. Tumbatsar teku ita ce kan gaba. Faɗuwar matsin iska tana ɗaga teku da wajen santimita ɗaya a kan kowane miliba, wato guguwa mai 950 ta ɗaga shi da kusan santimita 60. Ragowar duk turin iska ne. Inda gaɓar teku ba ta da zurfi kuma ta tsuke kamar mazurari, ruwan ba shi da wurin zuwa sai cikin gari, in kuma ya dace da lokacin cikar teku abin ya ƙara muni. Haka Mashigin Bengal yake, inda guguwar Bola ta Nuwamban 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Katrina a rukuni na 3 ta sauka, amma tumbatsarta ta haura mita 8 a gaɓar jihar Misisifi ta Amurka, saboda faɗinta da ruwan da ta riga ta tara tun tana rukuni na 5.

Sai ruwan sama, wanda ya fi dogara da saurin tafiyar guguwa fiye da ƙarfin iskarta. Harvey ta yi kwanaki tana jan ƙafa a kan Teksas a 2017, ta zubar da fiye da milimita 1,500 a wasu wurare. Idai ta 2019 ta rusa birnin Beira na Mozambik da iska, amma ambaliyar koguna da zaftarewar ƙasa a cikin Mozambik da Zimbabuwe su ma sun ci rayuka masu yawa, nesa da bakin teku.

Don haka in sanarwa ta fito, abubuwan dubawa su ne tsawon tumbatsar da ake tsammani a kwatanta shi da tudun inda mutum yake, yawan ruwan sama, saurin tafiyar guguwar, da lokacin da iska mai gudun kilomita 63 za ta iso, domin daga wannan lokaci fita ta zama haɗari, kuma yakan riga isowar ido da awoyi masu yawa. Cibiyar Miyami tana sabunta sanarwarta duk awa shida, tana ba da jan kunne awa 48 kafin isowar wannan iska, gargaɗi kuma awa 36. Wanda aka ce ya tashi saboda tumbatsa, ya tashi tun hanya na buɗe. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, na santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Bayan wucewar guguwa koguna sukan ci gaba da cika har kwana biyu ko uku, wayoyin lantarki da suka faɗo cikin ruwa na iya kasancewa da wuta, janareta kuma a waje ake kunna shi nesa da taga, domin hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane a cikin ɗaki.